Shekarar da Langaɓuri Ya Shigo Gure

Ranar wata Laraba ce da hantsi, tsakiyar damina, shekarar da nake shirin shiga ajin ƙarshe a ƙaramar lakwal, wato makarantar boko. Ina tsakar gida ina surfen gero, ƙanena Habu yana korar kaji daga bakin turmi, sai Inna ta faɗo gidan da gudu, babu bokitin da ta fita da shi zuwa famfo, takalmi ɗaya a ƙafarta. Ban taɓa ganin Inna tana gudu ba sai ran nan. Ta ja ƙyaure, ta fizge taɓaryar da ke hannuna ta tokare shi, ta sunkuci Habu, sannan ta dube ni tana haki ta ce, "Zara, daga yau ba famfo, ba gona, ba wasa. Langaɓuri ya shigo gari." Na san wannan kalma sarai, domin daga bakina ta fara fitowa.

Muna da wani wasa a lokacin, mu yaran unguwa, muna ce masa "sa masa suna". A gona muka fi yinsa, idan rana ta take aka jingine hauya, manya suka miƙe ƙarƙashin gawo, mu kuma muka koma gindin aduwa muna cire ƙarangiya daga zannuwanmu muna jiran a dama fura. Wani zai kawo abin da kowa ya sani amma ba shi da suna, sauran su yi ta ƙirƙiro masa, wanda nasa ya fi ba da dariya shi ya ci, kuma ranar ba zai ɗauki tulu ba. Falmata ƙawata ce ta raɗa wa ƙaiƙayin tsakiyar baya, inda hannu ba ya kaiwa, suna "gagarsosa". Kukan da ciki ke yi a aji daidai lokacin da mushe, wato malaminmu, ya ce a yi shiru kuwa, "ƙulumbuƙur" muka sa masa. Kalma takan yi yini ɗaya ko biyu a bakinmu, mu gaji da ita, mu nemi wata.

A wannan damina Yaya Laminu, ɗan kawuna da ke karatu a Damagaram, ya zo hutu da waya mai hoto. Ashe su ma ɗalibai suna da guruf a waya inda suke irin wannan gasa, kuma kullum cinye shi ake yi. Da ya ji mu, sai ya riƙa zama cikinmu yana kwasar kalmomi. Ranar da aka ce a sa wa ciwon nan suna, wanda ke kama yaro da zarar an ce a tashi a kama noma, na tuna yadda Habu ke langaɓewa idan an aike shi, na ce "langaɓuri". Yara suka yi ta birgima cikin rairayi. Yaya Laminu ya kafa waya a baki, ya yi murya irin ta mai karanta labarai a rediyo, ya ce ana sanar da jama'a wani sabon ciwo ya ɓulla a Gure, yana kama yara, ƙafa ta mutu, wuya ya saki, ido ya lumshe. Ya miƙo mini wayar ya ce in faɗi maganinsa, na ce, "Ba ya warkewa sai an sauke tukunya." Ya tura. Da yamma ya gaya mini mun ci gasar, na koma gida ina tsalle.

Ban san hanyar da saƙon ya bi ba. Abin da ya dawo mana dai ba shi ne ya tafi ba. Wanda matan famfo suka saurara a wayar wani mai kabu-kabu muryar wata mata ce tana kuka, tana rantsuwa cewa ciwon ya taso daga wajen Gidigir, ya gama da yara a can, kuma duk yaron da aka kai likita kulle shi ake yi a wani ɗaki, uwarsa ba ta sake ganinsa. Babu maganar tukunya a ciki. Na bi Inna har ɗaki ina cewa ni na ƙirƙiro kalmar a gindin aduwa, wasa ne. Ta buge mini baki, abin da ba ta saba ba, ta ce, "Kar in ƙara jin kin ambaci sunansa a gidan nan."

Unguwa ta yi tsit. Aka daina jin ƴan gaɗa da yamma, filin da samari ke buga ƙwallo ya koma na awaki. Ciyawa ta fara cin gonarmu, don Baba yana Bune wajen dabbobinsa, Inna kuma ta hana mu leƙa ko ƙofa. Kaka ta turara mana wani itace mai yaji safe da yamma har idanunmu suka yi ja. Ta katangar zana nake jin labari: an ce an ga mai ciwon a kasuwa, an ce jandarma suna neman wanda ya fara yaɗa maganar. Duk motar da ta wuce sai in ɗauka ni aka zo kamawa. Abin da ya fi ba ni tsoro ma ba jandarma ba ne. Da na ga manya masu hankali, har da liman, suna addu'ar Allah ya kare yara, sai na soma shakkar kaina. Na riƙa tunanin ko dama can ciwon yana nan yana jiran a kira shi, ni kuma na kira.

Sai Habu ya kwanta. Da safe ya ƙi kunu, kafin azahar jikinsa ya yi zafi kamar garwashi. Na ga an ɗaga shi zaune, wuyansa ya saki, idonsa ya lumshe, daidai yadda aka faɗa a wayar. Na fita bayan rumbu na yi amai. Inna ta ɗauko mayafi za ta kai shi likita, Kaka ta tsaya a bakin ƙofa ta ce ba za a kai jikanta inda za a kulle shi ba. Inna ta koma ta zauna. Haka aka kwana ana shafa masa ruwan rubutu, aka kuma wuni. Washegari da la'asar ya daina amsa kira, haƙoransa suka fara datsewa.

Na ɓanɓare zana ta bayan makewayi na fita, ba takalmi. Na iske Yaya Laminu a ɗakin ajiyar kawu, zaune kan buhun dusa, ya rame, ya cire layin wayar ya ɓoye cikin hula. Na ce ya zo ya kunna wa Inna saƙon farko. Ya ce in aka ji muryarsa an gama da shi, karatunsa ya ƙare. Na ce, "Yaya, Habu ba ya magana." Ya ɗauki wayar ya sa a aljihu. Sannan ya tashi ya sa takalmi.

Muka shiga ta inda na ɓanɓare zana, ya kunna a tsakar gida. Muryarsa ta fito irin ta rediyo, Kaka ta fara salati. Can sai ga dariyar yara a bayan maganar, ga kukan akuyarmu, ga kuma muryata, siririya, cike da jin daɗi, tana faɗin maganin ciwon. Inna ta ce a sake. Aka sake. Ba ta dube ni ba, ba ta dubi Yaya Laminu ba. Ta shiga ɗaki ta goya Habu, yaron da ya wuce goyo, ƙafafunsa suna reto har gwiwarta, ta cire taɓaryar daga ƙyaure. Kaka ta matsa gefe. Muka bi ta a baya cikin rairayi, mutane suna leƙe ta kan katanga suna janye ƴaƴansu.

Majo, babban ma'aikacin likitar, wato asibitin garinmu, mutumin Dosso ne, Hausarsa a karkace, da can mukan kwaikwaye shi mu yi dariya. Ya ɗaga fatar idon Habu, ya tsaga masa yatsa ya gwada jini, ya ce zazzaɓin sauro ne, ya hau kai. Yana ɗaura masa ruwa yana faɗa, ya ce tunda wannan magana ta fito iyaye suka daina kawo yara, alhali lokacin sauro ne. Ya ce wa Inna, "Da kin bari gobe, sai dai haƙuri." Babu ɗakin da aka kulle kowa. Na zauna a ƙasa ina kallon ruwan yana ɗiga, har Habu ya buɗe ido ya nemi a ba shi fura.

Kawu da kansa ya kai Yaya Laminu wajen mai unguwa, aka yi masa faɗa, aka sa mai shela ya zaga gari yana cewa babu wani ciwo, wasan yara ne. Ba a kama kowa ba. Wasu suka yarda, wasu suka ce ɓoyewa ake yi, har aka yi girbi akwai gidajen da ba su daina turare ba. Inna ba ta taɓa ɗaga mini maganar ba. Amma da muka koma gona, Falmata ta ce a sa wa wani abu suna, sai kowa ya sunkuyar da kai, kuma daga nan wasan ya mutu a unguwarmu.

Yanzu ina koyarwa a wata lakwal kusa da gidanmu. Gasar ƙirƙirar kalma ta cika waya, kuma Habu, da ya zama dogon saurayi mai surutu, yana cikin gwanayenta. Yakan turo mini nasa, in yi dariya har hawaye, amma ba na tura wa kowa. Ina kewar gindin aduwar nan, inda duk wanda ya ji kalma yana ganin fuskar mai faɗinta, ya san wasa ne, kuma kafin a kai tulu gida an manta da ita. A lokacin, iyakar maganarmu iyakar inuwar itacen.