Bube Kabu-Kabu da Turancin Hanyar Kebbe

Duk wanda ya taɓa tsayawa tashar babura ta Tambuwal ya san Bube, mai hular saƙa ruwan toka, wanda yake ɗaure ƙafar wandonsa da roba. Haifaffen Sanyinna ne. Makarantar boko iyakarsa aji huɗu na firamare, daga nan sai gona, daga gona sai kabu-kabu. Shekara goma sha tara ya yi yana bin hanyar Kebbe, har ya san kowane rami da sunan da ya raɗa masa.

A 2022 kasuwa ta fara juya masa baya. Samari sun cika tashar da sababbin babura, fasinja kuma sun fi son mai gudu. Sai Bube ya yini a gindin dalbejiya bai ɗauki mutum uku ba. Wanda bai guje shi ba shi ne Malam Rufa'i, matashin malamin Turanci da aka tura sakandare a Kebbe. Kowace Litinin Bube yake kai shi, ranar Alhamis da la'asar ya ɗauko shi.

Malam ne ya kawo masa labarin cewa sashen lafiya na neman mutum ɗaya da zai riƙa kai allurar rigakafin yara daga Tambuwal zuwa asibitin Kebbe cikin akwatin ƙanƙara. Aiki ne na dindindin, ga babur sabo. Sai dai ƙungiyar da ta ba da baburin ta ce dole a yi ganawar da Turanci, don mai aikin zai riƙa tura saƙon waya yana faɗin inda ya kai. Saura mako tara.

Bube ya ce shi da Turanci sai dai gaisuwa. Malam ya ce ai ga aji nan, kujera biyu ce da shi, kuma yana tafiya da kansa.

Haka babur ya zama makaranta. Malam yana baya yana ɗaga murya, Bube yana maimaitawa yana kauce wa ramuka. Sun yi ranakun mako, sun yi agogo, sun yi abin da ya wuce. A mako na shida suka iso darasin da Malam ya kira future perfect, wato yadda ake faɗin abin da zai kasance an riga an gama shi kafin wani lokaci mai zuwa. Malam ya ce nan ɗalibansa suke faɗuwa. Bube ya saurara har suka wuce wata tsamiya, sannan ya yi dariya.

"Malam, wanga ai shi nika yi kullum. Fasinja bai tambaya ta ina muke. Tambayatai ita ce, kafin azahar mun isa?"

Cikin kwana biyu ya riƙe shi. Rigimarsu ɗaya ce: duk jimlar da ya yi sai ya liƙa mata in sha Allah a wutsiya. Malam ya ce babu wannan a littafi.

"Littafin ya taɓa bin hanyar Kebbe da damina?" in ji Bube.

"Kawu, ka dai bari in an tambaye ka."

Bai bari ba. A gida ma matarsa Hinde ta gaji, don ko tuwo take tuƙawa sai ya tsaya bakin madafi ya sanar da ita da Turanci cewa kafin magariba za ta kasance ta gama. Ta ce in ya ci gaba, kafin magariba zai kasance ya ci nasa a tasha.

An yi ganawar a makon farko na Agusta, a ofishin lafiya. Mutum shida suka zo, biyar samari, uku a cikinsu da takardar sakandare. Hajiya Nasiha, jami'ar rigakafi, ita ke tambaya, ga wani baƙo daga ƙungiyar a gefenta yana rubutu. Tambayar ƙarshe iri ɗaya aka yi wa kowa: an kwana ana ruwa, ka tashi daga Tambuwal da akwati ƙarfe bakwai na safe, ƙarfe tara me ka cim ma?

Samarin duk suka ce sun isa Kebbe. Ɗaya ma ya ce ya isa, ya sauke, ya kamo hanyar dawowa.

Bube ne na ƙarshe. Ya san amsar da ta fi daɗin ji, ya kuma san jimlarta tsaf. Ya cire hula, ya mayar, ya ce:

"By nine o'clock I will not have reached Kebbe. By twelve I will have reached, in sha Allah."

Baƙon ya ɗago kai. Bube ya ga kamar aikin ya tafi ke nan. Hajiya ta tambaye shi abin da zai tsaya yi a hanya har awa biyar, Turancinsa kuma ya ƙare a nan, sai ya nemi izinin yin Hausa. Ya bayyana cewa akwai rafin da ke yanke hanya, in an kwana ana ruwa yakan kai ƙugun mutum, ba ya janyewa sai wajen goma da rabi. Akwai wani dutse a bakinsa, in kansa bai fito ba shi ba ya shiga. Zai jira a inuwa, ya rufe akwatin da jiƙaƙƙen buhu.

"Hajiya, ni in na faɗa ruwa sai in tashi in shanya tufana. Allurar ɗiyan mutane fa?"

Hajiya ta buɗe rajistar bara, ta juya wa baƙon shafi biyu ta nuna masa da biro. Sau biyu akwati ya faɗa wannan rafin, duka a Agusta, duka kafin ƙarfe tara. Ta fassara masa abin da Bube ya ce, ta kuma tambayi Bube ko zai iya rubuta jimlar tasa a waya. Ya rubuta da yatsa ɗaya, a hankali, har da in sha Allah ɗin.

Ranar Litinin ta gaba aka miƙa masa makullin babur.

Rajistar sashen ta nuna cewa a shekararsa ta farko ya yi tafiya arba'in da bakwai, bai rasa kwalba ko ɗaya ba. Sau shida ya jira a bakin rafi, kuma kowane karo saƙonsa ya riga shi isa.

Wanda ya yi asara shi ne Malam Rufa'i, don akwatin ƙanƙara ya gaje kujerarsa. Ya koma hannun samarin tasha, kuma kafin damina ta fita ɗaya daga cikinsu ya tsoma shi a rafin da jakar littattafansa. Bube yana zaune a inuwa yana jiran kan dutse ya fito lokacin da abin ya faru. Ya taso ya taya shi tsintar takardu, suka shimfiɗa su a kan ciyawa ɗaya bayan ɗaya. Sai ya dubi rana, ya gaya wa malaminsa da Turanci mai kyau cewa kafin azahar za su kasance sun bushe.

Malam yana matse rigarsa ya ce, "In sha Allah, Kawu."