Takarata a Gininmu na Mahjar

Gara in faɗa da bakina kafin ƙannena su faɗa: ina ɗan shekara goma sha ɗaya na taɓa tsayawa takarar zaɓen da babu shi. Laifin Yaya Bashir ne, mutumin da ban taɓa gani ba sai a waya.

A lokacin, da an idar da magariba muke hawa rufin gininmu a Mahjar, wata unguwa a ƙasar Larabawa. Kaka ta hura gawayi a kasko, ta hau soya bunnu, wato 'ya'yan gahawa, kamar yadda ta saba tun tana Sudan, ƙamshin citta ya danne warin bolar unguwa. Mu jikoki mu zagaye ta. Da can tatsuniyoyin dawa take yi mana, kura da zomo. Amma daga ranar da aka zaɓi Yaya Bashir, ɗan gwaggona, ɗan majalisar dokokin wata jiha a Amurka, duk namun dawa suka rasa aikin yi.

Labarin ɗaya ne kullum. A kan rufin nan ya girma. Ya tafi da jaka ɗaya, ya yi aikin yankan kaji, ya tuƙa tasi, ya zama tafinta a asibiti. Ya tsaya takara ya faɗi, ya sake tsayawa. Ya bi gidaje yana ƙwanƙwasa ƙofa cikin dusar ƙanƙara, wadda a bakin Kaka take kai masa gwiwa ranar Asabar, ta kai wuya ranar Talata. Daga baya ya kai ƙudurin da ya sama wa ma'aikatan mayanka hutu a tsakiyar aiki.

"Ƙofa ƙofa ya bi, ya habibi," in ji ta, tana fifita wuta. "Ni na koya masa gaida mutane. Wasu kuwa ko maƙwabcinsu ba su sani ba."

Ni take kallo. Ni da nake hauro mata da gawayi, nake nemo mata tabarau sau dubu a yini, ban taɓa fitowa a labarinta ba ko a matsayin jaki. Har addu'a na taɓa yi ƙanƙarar ta kai masa hanci.

Sai na ce halas, shi ke nan, ƙofa ce dai, mu ma muna da ita. Wata Juma'a bayan la'asar na sa farar jallabiyar Idi, na fara daga hawa na ƙasa, ina neman a zaɓe ni wakilin ginin.

Abin da ban lissafa ba shi ne, a Amurka a bakin ƙofa ake tsayawa. A wurinmu wanda ya ƙwanƙwasa baƙo ne, baƙo kuma ba ya fita bai sha komai ba, ƙin sha cin fuska ne. Amm Usman mai gadi ya ba ni shayi. Hajiya Zainabu ta ba ni shayi da madara, ta ƙara da cewa tunda wakili ne, yalla, maza in hauro mata da tukunyar gas. Wasu 'yan Nijar suka ɗura mini shayinsu mai ɗaci, zagaye uku, ba a tashi sai an gama. Kafin in kai hawan ƙarshe cikina yana kaɗawa kamar tankar ruwa, kaina cike da aike: famfo, kwan lantarki, yaron da za a raka makaranta. A gaban ƙofar limamin masallacinmu shayin ya nemi hanyar fita, ya kuma samu.

Da daddare Kaka ta yi dariya har ta ajiye mafici.

"To, ka samu kujerar. Aikin ke nan. Ka zaci Bashir zama yake yi?"

A lokacin haushi kawai na ji. Yanzu da na ɗan yi hankali, na lura ba ta taɓa bayyana mana ginin majalisar ba, ko motarsa. Ƙofofin kawai take faɗa, da abin da mutane suka roƙe shi. Ina jin kishin nan har yau, sai dai ya ragu zuwa na mutum ɗaya maimakon na gari guda.

Na dai shiga labarin Kaka. Tun daren ta fara ba da nawa, kullum bayan na Bashir, don yara su yi dariya kafin barci. Shi kuma ya sake cin zaɓe a shekarar da ta biyo baya.