Dattijo da Kofuna Uku

Zaman kashe wando ya kawo ni bayan makarantar koyon aikin otal, sai ga wani dattijo, furfura fal, farar rigar aro ta haɗiye shi. Yana zagaya fili da tire a tafin hannu, kofuna uku cike da ruwa. Ruwan sai ɗiga yake. Wataƙila masaƙa ce ta sallame shi, ya dawo aji cikin sa'o'in jikokinsa.

Na ce, "Baba, wanka kake yi wa ƙasa?"

"Gobe gwaji, ɗana. Wanda ya zubar, sai gida. Ni kuwa baki bakwai ke jirana."

Ya gyara murmushin da aka koya masa, ya rusuna mini, ni da ban wuce sa'an ɗan cikinsa ba: "Barka da zuwa, ranka ya daɗe."