Kawu Seidu da Asirin Man Kaɗe

Duk wanda ya san Kawu Seidu ya san ba ya faɗin inda za shi. In ya ce Bawku, ku neme shi a Yendi. In ya ce masallaci za shi, to a nan ma sai ka tambayi wanne, kuma amsar ba za ta amfane ka ba. Yaron mota ya taɓa tambayarsa a tashar Salaga inda zai sauka, ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Wa ya aiko ka? Ku dai ku ja lori."

Wannan mutumin ne Allah ya haɗa digirina na dokta da shi. Wan mahaifiyata ne, yana da ɗan kamfanin man kaɗe a Yendi, man kuma yana wari kafin ya kai bakin teku, masu saye suna maido masa. Aka shirya jami'armu da ke kudu ta ba da ɗakin gwaji da malami, shi ya ba da ƙwarar kaɗanya da inji, ni in yi binciken. Farfesana ya sha doguwar hanya ya zo, ni ne tafinta.

Na fassara wa Kawu tambayarsa: "Alhaji, mece ce matsalar man naku?"

"Gaya masa babu matsala kuraa, ko kaɗan."

"Kawu, to me za mu bincika?"

"Ku gano mana. Ba aikinku ke nan ba? In na faɗa muku, ni za a ba doktan?"

Farfesa ya sha fura, ya ga katanga, ya koma bai ga inji ba.

A hakan muka fara. Na yi wata da watanni ina gwada ƙwarar Pusiga da ta Bimbilla, sakamako ya ƙi zama wuri ɗaya, har na fara zargin kaina da daƙiƙanci. Ashe Kawu ne ke musanya sunayen garuruwa a jikin buhuna. Da na tare shi raina a ɓace, ko kunya babu ya ce, "Alhamdu lillahi. Kai mai boko paa ka rikice, ina ga Alhaji Fuseini?" Alhaji Fuseini abokin gasarsa ne, ko tari Kawu ya yi sai ya ce ai an kai wa Alhajin labari.

Da ƙyar da taimakon Allah muka gano abin: yadda ake dafa ƙwara da shanya ta ne ke ɓata man. Aka gyara, wari ya ɗauke, Kawu ya yi sabuwar riga. Sai na ce masa zan miƙa kundin bincikena a jarraba ni. Nan fa ake yinta, domin yarjejeniya ta ce sai da yardarsa, in bai yarda ba babu digiri.

"Wa zai karanta?"

"Malamai uku, ɗaya daga Turai."

"Yana sayar da man kaɗe?"

"A'a, Kawu."

"Matarsa fa? Surukansa fa? Ka bincika?"

Ya ce sam ba za a baje asirinsa a faifai ba. Wa'adin jami'a yana ƙaratowa, na rame, mahaifiyata ta daina gaishe shi. Ran nan ya ce wa mutanen gida Kpandai za shi sayen doya, sai ga shi a jami'a da babbar rigarsa. Ya ce in kai shi inda ake ajiye irin wannan kundi. Muka hau bene a ɗakin karatu, ya shafa wani kundi da yatsa, ya dubi ƙurar, ya kira mai kula da wurin.

"Maigida, wannan kundin mutum nawa suka karanta shi?"

"Tun da na zo aiki ban ga an taɓa shi ba."

Fuskar Kawu ta washe. Ya ce, "Issaka, me ya sa ba ka faɗa mini ba? Ko ƙarƙashin gadona bai kai nan sirri ba. A kawo shi nan."

Na samu digiri, amma maganar ta yi mini ciwo, don gaskiya ce. Na daɗe ina ganin wahalar banza na sha, na rubuta abin da gara kaɗai za ta amfana da shi.

Da Allah ya yi wa Kawu rasuwa, ranar sadakar ukunsa a Salaga, Alhaji Fuseini ya ja ni gefe yana waige-waige. Ya ce shekarar da mansa ya lalace har ya kusa rufe kamfani, Kawu ya zo da kansa ya nuna masa dafawar da shanyar, ya sa shi rantsuwa kada ya faɗa wa kowa. "Ni kaɗai ya gaya wa," in ji shi. Bai yi nisa ba wata Hajiya daga Bawku ta ja ni, ita ma ita kaɗai. Sai shugabar matan da ke tsintar kaɗanya a Bimbilla. Kafin la'asar na gaji da jan hannu, kowa da rantsuwarsa, kowa shi kaɗai. Na shiga ɗaki ina dariya, ban san lokacin da ta koma kuka ba.

Kawu, wannan tafiyar ma ba ka faɗa mana ba, amma muna kyautata zaton inda ka nufa. Allah ya jiƙanka, ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa wa bayinsa, ya sa Aljanna ce masauki.