Yadda Hafizu Ya Fito da Malam Daga Ful

Duk wanda ya zauna a unguwar Mile 2 ta Diobu, cikin Fatakwal, ya ce bai san Hafizu Indabawa ba, to baƙo ne, ko kuwa bai taɓa mallakar rediyo ba. Tun da kuma taubashinsa ne ke riƙe da alƙalamin nan, kada kowa ya sa ran za a rufa masa asiri.

A Fatakwal aka haife shi, babansa na sayar da albasa a kasuwar Oil Mill. Tsofaffi sun ce ranar suna da wanzami ya sunkuyo zai yi masa aski, jaririn ya cafke askar yana jujjuyawa, yana neman inda aka ɗaure ta. Kafin ya iya ɗaura wando ya riga ya kwance rediyon gidan don ya ga mutanen da ke karanta labarai a ciki. Bai gan su ba, ya mayar ya rufe, noti ya yi saura. Daga ranar duk abin da ya buɗe ya rufe sai noti ya yi saura. Innarsa na tarawa a gwangwanin madara, da an kai wa 'yan gwangwan da ta je Makka ta dawo.

Da babansa ya ga fanka ta bi rediyo, agogon bango ya bi fanka, sai ya ɗora shi a mota zuwa Anaca, wajen wani mai gyaran kwamfuta, Oga Ikenna, kusa da Upper Iweka. "Je ka ɓata na wasu," in ji shi. Can Hafizu ya yi shekaru, ya dawo da yaren Ibo a baki, da gemu kamar gashin masara, da sana'a a hannu. Ya buɗe shago wanda in ka yi atishawa a ciki sai ka buge bango, ya auri Mas'uda, wadda haƙurinta ya isa a raba wa mata goma.

A falonsu, ƙarƙashin tebur, akwai wata tsohuwar kwamfuta da ya haɗa da hannunsa ya raɗa mata suna Rumbu. Ba ta da aiki sai ajiya, dare da rana tana gurnani kamar mage mai mura. Ya zuba mata faifan ajiya guda huɗu, waɗanda masu sana'ar ke kira hadis, ya ɗaure su suka zama abu ɗaya. Wannan ɗaurin shi Turawa ke kira pool, bakin Bahaushe kuwa ya ce ful. Kamar 'yan'uwa huɗu ne da aka raba wa labari ɗaya: in ɗaya ya faɗi, ukun za su haɗa kai su tuno nasa. In biyu suka faɗi, sauran sai su kama baki, ko gaisuwa ba za su amsa ba.

To, akwai marigayi Malam Abdulmuhaimin, wanda ya tsufa yana tafsirin azumi a ƙaramin masallacin bayan layin teloli. Da ya rasu, matarsa Hajiya Hajaratu ta fito da buhu cike da kaset na karatunsa ta danƙa wa Hafizu. Ya zauna ya juye su kaf cikin Rumbu, har da tarin Malam da carar zakaran maƙwabta. Daminar da ta biyo ruwa ya shiga ɗakin Hajiya, kaset ɗin suka jiƙe suka yi funfuna. Tana kuka, Hafizu ya bugi ƙirji.

"Hajiya, a zubar da su. Malam yana Rumbu. Ko Fatakwal ta nutse, Malam ba zai jiƙe ba."

Abin da bai faɗa mata ba, faifai ɗaya ya daɗe da mutuwa, Rumbu na ta kunna masa jar wuta tana roƙon a canza. Shi kuwa gwanin, sai ya yanko salatif ya manne wutar don tana hana shi barci.

Ana saura 'yan makonni azumi, dattawan masallaci suka yanke cewa bana muryar Malam za a riƙa sakawa a lasifika bayan la'asar. Hajiya ta ce ko da rarrafe za ta je. A makon nan ne, da tsakar rana, aka saki wata tsawa da ta sa kajin Diobu suka daina ƙwai. Wuta ta yi ƙyal ta ɗauke. Da ta dawo, Rumbu ta tashi, amma ful ya ƙi buɗuwa. Hafizu ya shinshina, ya ji ƙauri. Faifai na biyu ya ƙone.

Ya fita ƙofar gida, gumi na zuba kamar an kwara masa bokiti, ya buga wa tsohon ubangidansa Oga Ikenna waya yana ihu da Turancin buroka: "Oga, my pool don scatter! Everything wey I put inside don go!"

Idi mai okada na fake a gindin bango yana jiran ruwa ya tsagaita. Idi kuwa ful ɗaya ya sani a duniya, shagon cacar ƙwallo da ke bakin titi, inda magidanta ke shiga da albashi su fito da takarda. Bai jira ruwan ya ɗauke ba. Kafin magariba labari ya kai Oil Mill, ya dawo ya ƙara ƙiba: Hafizu ya kai tafsirin Malam gidan caca an cinye.

Washegari Baba Yunus, ƙanin kakansa kuma shugaban dattawan masallaci, ya aika a kira shi. Hafizu ya cire takalmi ya durƙusa.

"Barka da hantsi, Baba. An tashi lafiya?"

"Lafiya ƙalau. Ya iyali? Madalla. Hafizu, tsakaninka da Allah, ka zuba Malam a ful?"

"Na zuba, Baba. Ai ya kusa shekara biyu a ciki."

Baba Yunus ya dafe ƙirji. "Innalillahi! Shekara biyu! Wa ya koya maka?"

"A Anaca na fara gani, na ƙarasa a intanet."

"Dama na faɗa wa ubanka. Kai kaɗai kake yi?"

"Ai kowa na amfana, Baba. Hotunanku na aikin Hajji ma suna ciki."

"Nawa? Ni Yunus? Da ihramina?"

"Har da na jifan Shaiɗan."

Carbi ya suɓuce daga hannun tsoho. "Yanzu me ya rage?"

"Hadis biyu sun tafi, Baba, biyu suna nan da rai."

"Har hadisai ka kai musu!"

Sai a nan Hafizu ya gane inda aka nufa. Ya yi bayani da Hausa, ya yi da hannu, ya jera takalma huɗu a ƙasa ya ɗauke biyu. Baba Yunus ya dube shi, ya dubi takalman.

"Duk ɗan caca da bayaninsa. Ni abu ɗaya na sani: ka kawo min muryar Malam na ji da kunnena kafin a ga wata. In ba haka ba, kai za ka je ka faɗa wa Hajiya da bakinka."

Wannan ita ta fi yi masa ciwo. Zagin unguwa bai dame shi ba, ko da yara suka fara binsa suna tambayar wa zai ci wasan Asabar. Amma Hajiya da ta zubar da kaset a kan maganarsa, ita ce ta tsaya masa a rai.

Ya koma gida ya cire wayar Rumbu daga bango, ya ce wa Mas'uda, "Kada wanda ya kunna ta. Duk kunnawa ƙara ɓarna ce."

"Da ka ji maganar jar wutar nan ai da ba a kai nan ba," in ji ta. "Salatif ɗina ma ka ɗauka."

Ya duba faifan da tsawa ta taɓa. Cikinsa lafiya, allon lantarkin da ke manne a bayansa ne ya ƙone. Maganinsa a samo allon wani faifai irinsa sak, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya naɗe shi a ɗankwalin Mas'uda, ya rungume kamar jinjiri, ya hau motar Anaca.

A Upper Iweka cunkoson motoci ya tsare su har wata fasinja ta yi kitso ta tsefe. Oga Ikenna ya tarbe shi da dariya, ya zazzage masa kwali-kwali na matattun faifai. Suka tona har hannu ya yi baƙi, babu irinsa.

"Akwai ɗaya," in ji Oga, da Hausarsa ta kasuwa. "Na sayar wa ɗan'uwanku mai hoto a Inugu. Haidar."

Hafizu ya miƙe sai Inugu. A unguwar Hausawa ya sami Haidar a shagonsa, ya yi sallama, ya faɗi sunansa. Haidar ya ja da baya.

"Kai ne na Fatakwal? Wanda ya ci Malam a caca?"

Ashe labarin ya riga shi hawa mota. Sai da ya kwance ɗankwali, ya nuna ƙunar, sannan Haidar da yake ɗan sana'a ne ya kwashe da dariya har ya faɗo daga kujera. Faifan kuwa yana nan, ya lalace ta ciki, ya sa shi yana danne ƙofa don kada iska ta rufe. Allonsa garau.

"Ɗauka," in ji Haidar. "Amma ka samo min dutse na maye gurbinsa."

Ya dawo Fatakwal da allon, da wasu faifai uku da Oga Ikenna ya ara masa. Canza allo kawai ba ya isa. Akwai wani ɗan ƙwaro baƙi a jikin tsohon allon, bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba, shi ke riƙe da sirrin faifan, dole a ɗaga shi da zafi a dasa a sabon. Ranar sai da Hafizu ya sa Mas'uda ta kashe fanka ta hana kowa tari. Ya ɗaga, ya dasa, ya jona. Faifan ya yi shiru, sannan ya fara juyawa da wani siririn sauti. Mas'uda ta rantse ta ga hawaye a gemun masara. Shi ya ce gumi ne.

Duk da haka bai yi garaje ba. Ya kwafe faifai ukun masu rai a kan na aro, ya ajiye na asali a gefe, don in ya yi kuskure ya sami wurin komawa. Kwafin ya ci kwanaki, janareta na kuka, maƙwabta na zagi. Da aka gama ya umarci ful ya buɗe. Ya ƙi. Tsawar ta same shi yana tsakiyar rubutu, ya ruɗe bai san inda ya tsaya ba.

A daidai nan Baba Yunus ya iso da sandarsa, Hajiya Hajaratu a bayansa, don labarin ya kai mata duk da ɓoyon da aka yi. Idi ya leƙo ta taga. Hajiya ba ta yi faɗa ba.

"Ɗan nan, in ya tafi ka faɗa min. Na taɓa rasa shi, na san yadda ake yi."

Hafizu ya kasa haɗa ido da ita. "Hajiya, ki ba ni zuwa la'asar."

Dabara ɗaya ta rage masa. Ya umarci ful ya manta da rubutun ƙarshe, ya ja da baya zuwa inda yake da hankalinsa, ya buɗe don karatu kawai, ba taɓawa. Ya danna. Allo ya tsaya cak. Rumbu na gurnani, ana jira. Baba Yunus da ya zo da niyyar yanke hukunci, kujera ta yi masa daɗi, kai ya fara lilo, minshari ya biyo.

Sai sunaye suka zubo a allo kamar an kwance bakin buhun gero. Hafizu bai tsaya zaɓe ba, ya danna wanda hannunsa ya faɗa. Aka ji shuu irin na tsohon kaset, zakara ya yi cara, wani ya yi tari sau biyu. Hajiya ta kama bakin mayafinta. Muryar Malam Abdulmuhaimin ta cika falon:

"Yunus! Kai Yunus! Barcin nan naka na mutanen kogo ne? A taɓa min shi!"

Baba Yunus ya zabura ya miƙe tsaye, hula ta faɗi. "Na'am, Allah gafarta Malam! Ina ji!"

Idi ya faɗo daga taga. Mas'uda ta rangaɗa guɗa. Hajiya na dariya, hawaye na bin kumatunta, tana cewa, "Shi ne, wallahi shi ne. Har tarin."

Baba Yunus ya ɗauki hularsa ya kaɗe, ya daɗe yana kallon akwatin da ke ƙarƙashin tebur. "Wannan shi ne ful ɗin?"

"Shi ne, Baba."

"To, Allah Ya yi masa albarka. Kai kuma Idi, ka same ni a masallaci."

A ranar Hafizu ya fara kwashe karatun, ya yi kwafi ya kai gidan Hajiya, ya kai masallaci, ya aika wa Haidar a Inugu tare da dutsen danne ƙofa. Abu ɗaya tak ya salwanta, wanda ake rubutawa lokacin tsawar: muryar Hafizu da kansa, yana gwada kiran salla don ya nemi ladanci. Waɗanda suka taɓa jin gwajin sun ce unguwa ta ci riba biyu.

Ranar ɗaya ga azumi, bayan la'asar, lasifika ta ɗauka, teloli suka tsayar da kekuna, Hajiya na zaune a sahun mata tun kafin a share masallaci. Baba Yunus kuwa a sahun gaba, ido a buɗe tar, bai ƙyafta ba har aka shafa.

Hafizu ya canza matattun faifan, ya ɓare salatif, ya mayar da murfin Rumbu ya ɗaure tsaf. Da ya miƙe, Mas'uda ta sunkuya ta tsinci wani abu a kan tabarma, ta miƙa masa a tafin hannu. Noti ne.