Karen Bature a Turken Rago

Ko zan manta abin da na ci jiya, wanda yanzu yakan faru, ba zan manta shekarar da maigidana ya yi wa kare kiwon layya ba. Allah ya jiƙansa, ya riga mu gidan gaskiya, amma mutuwa ba ta mai da wauta hikima.

Muna Kurfi lokacin, saura kaɗan a ba da mulkin kai. Sana'arsa kiwon raguna, kuma a faɗi gaskiya ya iya. Sai ya sayo rago ƙashi da fata, ya ɗaure a turke, bayan wata uku a taru ana kallo. Amma ransa ba nan yake ba. Burinsa a duniya a ba shi wakilin awon gyaɗa, ya zauna gaban sikeli da fensir a kunne, mutumin da ko sunansa ba ya iya rubutawa da boko. Mai ba da aikin wani Baturen kamfani ne a Dutsin-Ma, kuma maigidana ya kashe takalmi biyu wajen zaryar gaisuwa.

Ran nan ya dawo da kwando a ka, bakinsa har kunne. Ashe Bature zai tafi ƙasarsu hutun wata uku, ya rasa mai riƙe masa kare. Kukunsa ya ƙi, direbansa ya ƙi, sai namu uban 'yan neman gindin zama ya ce a kawo.

"Ke, zo ki buɗe," in ji shi. "Sikelinmu ne a ciki."

Ni dai karen da na sani dogo ne, siriri, mai wuni a inuwa sai ranar farauta. Wannan kuwa da kaɗan ya fi kyanwa, fari mai dabbaren ja, ga gemu irin na bunsuru, ga guntuwar wutsiya. Kafin in gama salati ya zagaya tsakar gida sau uku, ya kifar mini da ƙwaryar gero, ya kora kajina kan danga, sannan ya dawo gabana yana kaɗa wutsiya, wai shi ya yi aiki.

Na ce, "Malam, kare a gidan da ake salla?"

Ya ce, "Wannan ba kare ba ne, amana ce."

To, shi ya karɓo amanar, ni na ɗauke ta. Satin farko na sha wuya. Haushi tun asuba, rami a ko'ina, ya cinye gefen tabarma, ya yi kaca-kaca da muciyata. Na tsane shi, ba zan ɓoye ba. Sai wata safiya ya shige ƙarƙashin rumbu, na ji ƙiii, ya fito da ɓera a baki, ya girgiza shi sau ɗaya ya yar, ya koma. Da ya gama da ɓerayen ya sha ruwa, ya miƙe a gindin turmi, bai motsa ba har azahar. Nan na gano maganinsa. Ɗan banzan ba mugu ba ne, ƙarfi ne ya yi masa yawa, ya rasa inda zai kai shi. Daga nan kullum da hantsi sai in jefa masa ƙwallon goruba, ya ruga ya kawo, in sake jefawa, har hannuna ya gaji kafin ƙafarsa. Gida ya zauna lafiya, ɓeraye suka yi ƙaura, har na fara ajiye masa ƙanzo.

Bayan wata biyu masanin kiwo ya tuna da amanarsa. Ya ɗaga shi, ya jinjina, ya lalubi haƙarƙari, ya ɓata fuska.

"Ko kaɗan bai ƙaru ba. So kike a ce na bar dabbar Bature da yunwa?"

"Malam, wannan irinsa ke nan. In ka hana shi gudu ka kashe shi."

"Ke za ki koya mini kiwo? Dabbar da ke yawo ba ta ajiye nama."

Ya kafa sabon turke a ɗakin raguna, ya ɗaure shi da guntuwar igiya, ya ja ƙyaure. Kitse daga wurin mahauta, kindirmo, tuwo ya sha man shanu, abincin da ni matar gida ban gani sai da salla. Kwana huɗu karen yana kuka yana tonon ƙasa, ni ina jinsa cikin raina. A na biyar ya yi shiru. Maigida ya ce, "Kin ji? Ya natsu." Kai, wani mutum ko a kasuwa aka kasa hankali ba zai taya ba.

Bature da ya dawo bai aiko ba, da kansa ya zo Kurfi a mota, shi da tafinta. Maigidana ya sha babbar riga, ya tara maƙwabta su zama shaida. Ni kuma na sami ɓular zana na kafa ido. Bature ya tsuguna ya yi fito, ya buɗe hannuwa yana jiran a faɗo masa a ƙirji. Aka kwance igiya. Karen ya taho yana rangaji kamar tulu ya yi ƙafa, ya yi taku kaɗan, ya zauna, harshe a waje. Wutsiyar ce kawai ta gane ubangidanta.

Maigidana ya matso ya danna gadon bayansa, yadda ake yi wa mai sayen rago a kasuwar kara. "Ranka ya daɗe, taɓa nan ka ji. Duk kitse ne."

Bature ya yi wata magana a hankali. Tafinta ya ce, "Yana tambaya, yaushe rabonsa da gudu?"

"Gudu? Allah ya kiyaye. Faɗa masa kwana talatin ko ƙofar ɗaki bai leƙa ba."

Tafinta ya dube shi, ya dubi ƙasa, sannan ya faɗa. Bature ya rungumi karensa ya shiga mota, ko hannu bai ba shi ba. Kafin kasuwa ta zagayo an ba wani mutumin Dutsin-Ma sikelin Kurfi.

Da maƙwabta suka watse suna ƙunshe dariya, ya shigo ya tuɓe rigar ya jefar. Ina bakin murhu ina jin yana mita.

"Butulci dai. Me na rage shi da shi? Ci ne bai ci ba, ko sha? Yana zaune a inuwa, me zai fita nema?"

Hannuna ya tsaya a kan tukunya. Wallahi kalma ɗaya bai sauya ba. Abin da yake faɗa mini ke nan duk sanda na roƙi in je Makera in ga tsohuwata, shekara biyu cur. Dariyar da nake ɓoyewa ta mutu.

Na ce, "Malam, gobe zan je Makera."

Ya dubi turken da igiyar ke yashe. Can ya ce, "Ki gaishe su."

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake faɗa wa jikokina in sun fara gorin alheri. Cika wa mai rai ciki ba shi ne riƙon amana ba. Kafin ka ce ka yi masa komai, kwance igiyar tukuna ka ga inda zai nufa.