Ƙararrawar Baba Dauda da Darmar da Na Zuba

Bari in faɗa tun farko: ni na ɓata ƙararrawar cocinmu, ba Kawuna Baba Dauda ba.

Kun san shi. Tun da ya bar aikin reluwe a Kafanchan, duk ƙarfen da ya shiga hannunsa sai ya sha wanka. Ya ɗora shi a sikeli, ya tsoma shi a bokiti cike fal, ya auna ruwan da ya malalo, ya raba nauyin ƙarfen da yawan ruwan. Wai kowane ƙarfe da lambarsa. Zoben auren matarsa, Mama, ma bai tsira ba.

"Dauda, zobena ne!"

"Yi haƙuri, Uwargida, baftisma kawai zan yi masa."

Da tsohuwar ƙararrawa ta tsage, ya ce shi zai zuba sabuwa: jan ƙarfe kashi huɗu, kuza kashi ɗaya. Ya aike ni Jos sayen kuza. Ni kuwa ƙyuya! Na tsaya wurin mai gyaran batir, na kwaso darma, na zuba ta a tukunyar narkarwa da kaina kafin ya yi mata wanka. Ai duk farare ne, wa zai gane?

An zuba, an rataya, an buga. Ƙwab! Kamar an jefar da kwano a laka. Zumuntar mata suka yi ta dariya har da riƙe ciki.

Baba ya sauke ta, ya tsoma ta a duro. Sai ya zauna yana sosa ƙeya.

"Ikon Allah! Kuza ba ta kai jan ƙarfe nauyi ba. Dole 'yarsu ta faɗa tsakani. To yaya 'ya ta fi uba da uwa nauyi?"

Shekara da shekaru yana wannan tambaya. Daga baya ya daina taɓa sikeli, ya ce kansa ne ya tsufa. Ina ji, na yi shiru.

Sai da ciwo ya kwantar da shi na durƙusa gaban gadonsa.

"Baba, ka gafarce ni. Darma na kawo maka."

Na jira zagi. Sai idonsa ya buɗe tar.

"Darma? Kai, shege! Ai darma ta fi jan ƙarfe nauyi! Ashe kaina lafiya! Nawa ka zuba? Miƙo min fensir!"

Ya lissafa, ya fito daidai, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Ubangiji ya ba ka hutawa, Baba. Ni ma ya yafe mini, kamar yadda ka yafe ba tare da ka furta ba.